Akwati bayan akwati: yadda aka rubuta binciken wuta a gine-ginen Bangladesh bayan Rana Plaza

Babban gini mai hawa bakwai ko takwas, wutarsa ba daga wuri ɗaya ake raba ta ba. Layin 11kV ne ke shigowa taransifoma a ƙasa, ya fito 400V zuwa babban fanel, daga nan manyan kebul su hau zuwa MDB, wato babban akwatin raba wuta, shi kuma ya raba wa ƙananan akwatunan da ake kira dibi na kowane hawa, wani hawan ma dibi huɗu ko biyar ne, ga janareta da canja-oba ɗinsa a gefe. To idan aka ce maka je ka duba lafiyar wannan wuta, gwajin kansa ma'aikaci mai kayan aiki zai yi shi. Inda ake shan kashi shi ne rubutawa, ta yadda wani mutum daban wanda bai taɓa shiga ginin ba zai ɗauki takardar bayan wata shida ya je tsaye gaban akwatin da kake nufi ya sa yatsa a kan birekar da kake nufi. Wurin da aka gwada wannan aiki a gine-gine sama da dubu, aka kuma baza takardun a intanet kowa ya gani, shi ne Bangladesh daga 2013, shi ya sa na ga ya dace mu masu harkar wuta mu zauna mu dube shi da kyau.

Asalin maganar mutuwa ce. Ranar 24 ga Nuwamba 2012 gobara ta kama kamfanin ɗinki na Tazreen a Ashulia kusa da Dhaka, mutum aƙalla 112 suka rasu. Wata biyar bayan nan, ranar 24 ga Afrilu 2013, ginin Rana Plaza da ke Savar ya rufta ya kashe mutum 1,134. Shi wannan gini hawa takwas ne, ƙasa shaguna da banki, sama kamfanonin ɗinki guda biyar, kuma an ɗora manyan janaretoci a benayen sama. An ga tsagewa a jikin ginin tun ranar 23, banki da shaguna suka rufe, amma aka ce ma'aikatan ɗinki su koma bakin aiki, da safe wuta ta ɗauke aka tada janareta, ba a jima ba gini ya sauko. Kafin waɗannan ma an yi gobarar Garib & Garib a Fabrairun 2010 da ta kashe 21, da ta That's It Sportswear a Disambar shekarar da ta kashe 29, duka biyun an danganta su da matsalar wayarin.

Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne yawancin irin waɗannan kamfanoni suna da takardun bincike. Manyan kamfanonin tufafi na Turai da Amurka da ke ba su aiki suna turo masu duba su, a zo da fom a yi ta sa alamar eh ko a'a, a tafi. Misalin da ya fi muni a Pakistan ya faru, kamfanin Ali Enterprises na Karachi ya samu satifiket ɗin SA8000, mai shaida cewa yanayin aikin ma'aikata ya cika ƙa'ida, a watan Agustan 2012, ranar 11 ga Satumba ya ƙone da mutum sama da 250 a ciki, tagogi da ƙarafa, hanyoyin fita a toshe. Kotu daga baya ta ce cinna wutar aka yi da gangan, amma wannan bai wanke satifiket ɗin ba, domin abin da ya hana mutane fita yana nan tun ranar da aka sa hannu.

A watan Mayun 2013 aka ƙulla yarjejeniyar da ake kira Accord kan kariya daga gobara da lafiyar gine-ginen masana'antun ɗinki na Bangladesh, tsakanin kamfanonin tufafi da daga baya suka haura 200, da ƙungiyoyin ƙwadago na duniya IndustriALL da UNI tare da na cikin Bangladesh, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ILO na shugabantar zama. Ta shekara biyar ce da farko, kuma mai ɗaure wa ce a shari'a. Aka ɗauko Brad Loewen daga Kanada a matsayin babban sufeto. Kowace masana'anta bincike uku ake mata daban-daban, na gobara, na ƙarfin gini, da na wuta, kowanne da injiniyoyinsa da rahotonsa. Tsakanin Fabrairu da Satumbar 2014 aka zagaye masana'antu sama da 1,100 aka fito da matsaloli sama da 80,000, daga baya adadin masana'antun ya haura 1,600 masu ma'aikata kusan miliyan 2. Ma'aunin da aka bi an gina shi ne a kan dokar gini ta ƙasar ta 2006, aka ƙara da ƙa'idojin waje inda ta gaza.

Yanzu ga ɓangaren da ni ya fi damuna, wato siffar rahoton wutar. Farkonsa bayanin gini ne, hawa nawa, wa da wa ke ciki, taransifoma mai ƙarfin nawa, janareta nawa. Sai kuma jerin abubuwan da aka gano, kowanne da lambarsa shi kaɗai, da rukuninsa, da bayanin abin da aka gani da ido, da gyaran da ake so, da wa'adin da aka bayar, da hoto. Hoton nan ba ƙaramin aiki yake yi ba. Mai masana'anta zai iya musa jimla, ya ce ai injiniya bai fahimta ba, amma hoton murfin dibi a buɗe da kebul uku cushe a ƙafar bireka ɗaya ba ya musuwa. Wa'adin kuma ba ɗaya ba ne, wani a ce nan take, wani mako ɗaya, wani wata ɗaya ko fiye, gwargwadon yadda abin zai iya kashe mutum yau ko kuwa yana buƙatar a sayo kaya.

Abubuwan da aka riƙa samu kuwa, wallahi duk mai wayarin da ya karanta zai ji kamar gidansu ake faɗa. Kebul na lilo babu tire babu abin riƙewa, yana goga da bakin ƙarfe inda ya shiga fanel. Ƙasan fanel a buɗe, ƙura da burbushin zare sun taru a kan basba, wato sandunan ƙarfe masu ɗauke da wuta a cikin fanel, a masana'antar ɗinki kuwa wannan burbushi tartsatsi ɗaya yake jira. Bireka ta fi ƙarfin kebul ɗin da take karewa. An soka waya tsirara a tasha ba a matse mata bakin ƙarfe ba. Babu katangar roba tsakanin fes da fes a manyan bireku. Ƙofar fanel ba a haɗa ta da wayar ƙasa ba. An jibge dilolin yadi a gaban akwati, alhali ana son a bar fili kamar mita 1 domin mutum ya iya buɗewa ya kashe wuta cikin gaggawa. Babu tabarmar roba a gaba. Babu kariyar tsawa a saman gini. Sannan wani da ke yawan fitowa a rubuce iri ɗaya: akwatuna ba su da suna, babu jadawalin da ke nuna wace bireka ke ciyar da ina, kuma babu zanen layi ɗaya na ginin, ko akwai amma bai yi daidai da abin da ke bango ba.

Wannan zane, wanda injiniyoyi ke ce wa SLD, shi ne ƙashin bayan komai. Takarda ce da ke nuna tafiyar wuta daga taransifoma da janareta har zuwa dibi na ƙarshe, layi ɗaya a madadin fes uku, a jikin kowane layi an rubuta kaurin kebul da tsawonsa, a kowace mahaɗa an rubuta ƙarfin bireka, a kowane akwati an rubuta lodin da ke kansa. Mutum zai ce ai takarda ce kawai ba ta kashe gobara, amma bari mu ɗauki maganar bireka da kebul. A ce kebul mai kaurin 16mm² na jan ƙarfe ne ya tashi daga MDB zuwa wani dibi a hawa na biyar. Irin wannan kebul abin da yake iya ɗauka bai wuce amfiya 50 zuwa 80 ba, ya danganta da ko a cikin bututu yake ko a kan tire a sarari. Idan birekar da ke kansa a ƙasa ta amfiya 100 ce ko 125, to kebul zai iya yin zafi har robarsa ta fara narkewa a cikin silin ita bireka ko gezau. Wanda ke tsaye a hawa na biyar ba zai ga wannan ba, shi dibi mai tsabta yake gani. Wanda ke ƙasa shi ma bireka lafiyayya yake gani. Sai an haɗa bakin nan biyu a takarda ɗaya kuskuren ke bayyana, kuma ba za a iya haɗa su ba sai kowane akwati na da suna a jikinsa wanda ya yi daidai da na zane, kowane kebul na da alama a kai da ƙarshe.

Shi ya sa sa suna ba kwalliya ba ce. Rahoton da ya ce "dibi na hawa na uku yana zafi" a ginin da hawa na uku ke da akwati biyar, ya bar wa mai gyara zaɓi, shi kuwa mai gyara wanda ya fi sauƙi zai taɓa. Idan aka ce SDB-3C, hanya ta 7, bireka mai amfiya 63, fes na tsakiya, magana ta ƙare. Sunan ya kamata ya nuna hawa, kuma jikin akwatin ya nuna daga wane fanel ake ciyar da shi, don ranar da wuta ta kama ko wani ya maƙale, wanda zai ruga ƙasa ya kashe ya san wace zai ja ba tare da gwaji ba.

A rahotannin ci gaba da Accord ta riƙa fitarwa, ɓangaren wuta shi ne ya fi na gobara da na gini saurin gyaruwa, kuma dalilin a fili yake, share ƙura da ɗaure kebul da canja bireka ba su kai kuɗin shigo da ƙofofin hana wuta ko famfunan yayyafi ba. Amma a cikin ɓangaren wutar, wannan zane na layi ɗaya yana cikin waɗanda suka fi jan ƙafa, shi da kariyar tsawa. A ganina dalili biyu ne. Na farko, zana shi a ginin da aka yi shekaru ana ƙara layi a kan layi yana nufin bin kowane kebul da ƙafa, a kashe a ga me ya ɗauke, a masana'antar da ba ta son tsayawa ko na awa ɗaya. Na biyu, da zarar an zana gaskiya sai ta tono wasu gyare-gyaren, a ga kebul kaza ya yi ƙanƙanta, bireka kaza sai an sauke ta. Ga shi kuma zanen yana tsufa, yau an kawo sababbin kekunan ɗinki an ja musu layi, gobe an ƙara dibi, zanen jiya ya zama ƙarya idan babu wanda aikinsa ne ya gyara shi ya sa kwanan wata.

Sai maganar gwaje-gwaje da ajiye sakamakonsu. An riƙa tambayar masana'antu rikodin gwajin rufin kebul da mega, wato na'urar da ke auna ko wuta na tsiyaya ta jikin rufin, da na ramukan wayar ƙasa, da na kyamarar zafi. A nan ma rubutu ne ke raba aikin gaske da na cika fom. Gwajin mega a layin 400V da 500V DC ake yi, ƙa'idar wayarin ta duniya IEC 60364 ta ce kada ya gaza megom 1, amma rubuta "ya wuce" bai gaya wa kowa komai ba. Kebul ɗin da bara ya ba da megom 200 bana ya ba da 8 ya wuce a takarda, alhali yana kan hanyar mutuwa, ruwa ko zafi na cin sa. Ba za ka gane ba sai an rubuta lambar kanta, da sunan kebul ɗin, da ranar, da na'urar da aka yi amfani da ita da lokacin da aka daidaita ta. Haka ramin wayar ƙasa, awon da aka yi da damina ƙasa a jiƙe ba ɗaya ba ne da na rani, dole a san watan da aka auna da lambar ramin.

Kyamarar zafi ta fi su saurin yaudara. Idan aka zo ranar Juma'a, wadda ita ce ranar hutu a Bangladesh, injuna a kashe, duk akwatunan za su fito da sanyi lafiya lau. Ana son a ɗauka lokacin da lodi ya kai aƙalla kashi 40 cikin ɗari na abin da aka saba, murfi a buɗe, a rubuta amfiyar da kowane fes ke ja a daidai wannan lokacin da zafin ɗakin, a ajiye hoton zafi kusa da hoton ido na wuri ɗaya. A ma'aunin NETA, ƙungiyar masu gwajin kayan wuta ta Amurka, bambancin da ya haura digiri 15 tsakanin tashoshi biyu masu lodi iri ɗaya babbar matsala ce ta gyara nan take. Yawanci kuma abin da ake samu noti ne ya saki, ko lodi ya taru a fes ɗaya.

Duk wannan da ya tsaya a rahoto da ya bi sahun na baya. Abin da ya ba shi haƙora shi ne matakin gaba. Yarjejeniyar ta ce a cikin mako biyu a miƙa rahoto ga masu masana'anta da kamfanonin da ke saye da wakilan ma'aikata, cikin mako shida a fitar wa jama'a tare da shirin gyara. Shirin gyaran, wato CAP, shi ne jerin nan dai na matsaloli da lambobinsu, amma an ƙara masa gurbin matsayi. Matsayi uku ne: ana kan gyara, masana'anta ta ce ta gyara ana jiran tabbatarwa, da an gyara. Na ukun ba mai gini ke rubuta shi ba, sai injiniyan Accord ya dawo ya tsaya gaban akwatin ya gani. Wannan gurbi na tsakiya ni a wurina shi ne mafi hikima a duk tsarin, domin ya bar wa mai gini damar faɗar nasa ba tare da an karɓa a matsayin gaskiya ba tukuna. Injiniyoyi na komawa duk bayan 'yan watanni, kuma idan sun ga sabuwar matsala ana ba ta sabuwar lamba a lissafa ta daban da na farko, ba a goge tarihin.

Wanda ya ƙi gyara ana ba shi gargaɗi mataki-mataki, a na ƙarshe duk kamfanonin da suka sa hannu su daina ba shi aiki. Idan gyara ya sa an rufe wuri, ma'aikata na da haƙƙin albashinsu har wata shida. Su ma kamfanonin sayen an ɗora musu su tabbatar masana'anta na da halin yin gyaran, kuma an gwada wannan a aikace, ƙungiyoyin ƙwadago sun kai kamfanoni biyu gaban kotun sasanci ta Hague, a Janairun 2018 ɗaya ya amince ya biya dala miliyan 2.3, mafi yawansu don gyara masana'antu sama da 150. Zuwa lokacin da aka miƙa aikin ga hukumar RSC ta cikin gida a watan Yunin 2020, an gyara sama da kashi 90 cikin ɗari na matsalolin da aka gano da farko, duk da cewa wa'adin da aka ɗiba tun 2014 an wuce shi da shekaru a wurare da dama. A 2023 aka fara irin wannan shiri a Pakistan.

Inda tsarin ya sha wuya shi ne gine-ginen haya masu mutane da yawa, irin Rana Plaza ɗin kanta. Masana'anta na hawa na huɗu da na biyar, ita ce ke ƙarƙashin yarjejeniya, amma taransifoma da babban fanel da kebul masu hawa na mai gini ne, ƙasa kuma kasuwa ce da ba ruwanta da kowa. Za ka gyara dibi ɗinka tsaf, birekar da ke kare kebul ɗinka tana ɗakin da makullinsa ke hannun wani. Masana'antu da dama ƙaura suka yi zuwa ginin kansu saboda irin wannan. Waɗanda kuma ba sa ɗinka wa Turawa kaya tun farko ba su shiga lissafi ba, shi ya sa a Yulin 2021 masana'antar abinci da lemo ta Hashem Foods a Rupganj ta ƙone da mutum sama da 50, a daren 29 ga Fabrairun 2024 kuma wani bene mai cike da gidajen abinci a titin Bailey na Dhaka ya kashe 46.

Wannan matsala ta ginin haya ita ce ta fi kama da tamu. Filazojin Kano da Kaduna da Abuja haka suke, mai gini ɗaya, 'yan haya da yawa, kowa ya kira mai wayarinsa ya ja layi, kuma mu hanyoyin shigowar wutar uku ne yanzu, ta kamfanin rarrabawa, janareta, ga sola da inbata a shago-shago, wanda ke nufin kashe babbar bireka ba ya tabbatar da cewa akwatin da ke gabanka ya mutu. Muna da hukumar NEMSA mai alhakin duba kayan wuta da ba masu wayarin lasisi, da ƙa'idojin haɗa wuta na NESIS na 2015, sai dai babu wani mai saye daga waje da zai matsa wa mai filaza lamba, don haka nauyin yana kan shi mai ginin da ƙungiyar 'yan kasuwa da kamfanin inshora idan akwai. Abin da za a iya ɗauka ba tare da jiran kowa ba shi ne fayil ɗaya na ginin gaba ɗaya a hannun manaja, da zanen layi ɗaya mai nuna duk hanyoyin shigowar wuta har da inbatocin 'yan haya, shafi guda ga kowane dibi da sunansa da jadawalin birekunsa da sakamakon gwajinsa na kowace shekara, kwafin jadawalin a liƙe a cikin murfin. A kuma sa a takardar haya cewa babu mai ƙara layi ko sola sai an shigar da shi a zanen, sannan wanda zai rubuta "an gyara" ya zama ba shi ne wanda aka biya ya yi gyaran ba.